Ranar da Delu Ta Yaye Mini Mayafi

Tsufa ya zubar mini da ranaku da yawa daga ka, amma ban taɓa mantawa da ranar da Delu ta tsallako rumfata a barikin kuza na Riruwai, ta kama mayafina a gaban maza ta fizge ba. Ku da kuke riƙe da muciya yanzu, kuna girka wa 'yan makaranta da marasa lafiya abinci, ku matso ku ji, don abin ya shafi sana'arku.

Lokacin Turawa ba su tafi ba. Masu karatu sun ce shekarun alif ɗari tara da hamsin da ɗoriya ne. Ni dai abin da na sani, bazara ce, kuma ban daɗe da yaye autata ba. Ni mutuniyar Dangora ce, can ƙasar Kiru. Maigidana maƙeri ne, aka ɗauke shi yana gyara wa leburori bakin diga da shebur, na biyo shi. Ban iya zaman banza ba, shi ya sa ban daɗe a bariki ba na zama uwar tuwo.

Bari in gaya muku yadda aikin yake, don yanzu babu irinsa. Bature yana can gidansa a kan tudu, sai dai mu hango shi. Ƙarƙashinsa akwai akawu, akwai tankifa mai lura da wanda ya fito aiki da wanda ya noƙe. Leburori kuwa ƙungiya-ƙungiya suke, kowace da helmanta, wato shugabanta. Sha'anin zaman gari, rabon ɗakuna da rumfuna da kashe rigima, wannan na Sarkin Bariki ne. Duk ranar Asabar ake auna wa lebura dawarsa ta mako. Mai mata ya kai gida. Wanda ba shi da mata sai ya kai wa uwar tuwo, ita za ta surfa, ta niƙa, ta tuƙa, shi kuma ya zo da akushinsa. Sarkin Bariki ke ba uwar tuwo rumfa, shi ke karɓewa. Ƙa'idar kuwa ba ta da kwana-kwana: in helma ya tsaya ranar awo ya ce mutanensa sun janye dawarsu daga hannunki, to shi ke nan, ki kwashe tukwanenki, a ba wata.

A ɓangarenmu mu biyu ne, ni da Delu, rumfa na kallon rumfa. Ba don ina gabanku ba, duk barikin an san tuwona, tuwon Tabawa. Ba a taɓa tsintar tsakuwa a tuwona ba, ba a taɓa zaro gashi daga miyata ba. Kaina a ɗaure, farcena a yanke, ƙoraina a kife a rana. Babbar dokata kuwa, wadda na koya wajen kakata, hannun da ya yi susa ba ya komawa tukunya sai an wanke shi, kuma mai cin abincinki kada ya taɓa ganin kina susa. Ko sauro ne ya cije ki, ki daure har ki kewaya.

Delu Bazazzagiya ce, ni Bakanuwa, kun kuwa san abin da ke tsakaninmu tun kaka da kakanni. Wasa. Bazazzagi ya gaya wa Bakano maganar da in wani ne ya faɗa sai an je gaban alƙali, a yi dariya a wuce. Ba a fushi, wanda ya yi fushi shi aka kayar. Kullum da safe tana hura wuta za ta ɗago kai.

“Baiwata, kin tashi lafiya? An gama ƙirga ƙwayar dawar yau, ko tukuna?”

In ce, “Na tashi, 'yar bayin gidanmu. Ke dai ki rage ruwa a miyarki. Jiya wani ya leƙa akushinsa ya ga fuskarsa.”

Amma kada ku zaci wasan ya hana kishi. In lebura guda ya tashi daga wajena ya koma wajenta, ranar ba na jin daɗin goro.

Ana nan sai likita Bature ya zo rangadi. Akwai wani ɗan ƙuda baƙi a bakin rafin da muke wanke dawa da tukwane, ƙanƙane ne amma cizonsa da zafi. Aka ce shi ke sa wa mutum wasu tsutsotsi da ido ba ya gani a ƙarƙashin fata, su ne in sun daɗe suke hawa su makantar da mutum. Ba mu yi gardama ba, don a ƙauyukan bakin rafi mun ga magidanta da ƙarfinsu ana jan su da sanda. Aka jera mu, a ɗago fata da allura a yanki ɗan mitsitsi kamar ƙwayar gero, a ɗora a gilashi, likita ya leƙa ta madubinsa. Aka sami abin a jikin leburori da yawa. Aka samu a jikina. Delu kuwa ranar ta tuna daddawarta ta ƙare, ta nufi ƙauye tun da sassafe, ba ta dawo ba sai da motar likita ta tashi.

Likita ya tafi ya bar maganin a hannun Malam Sule, disfensan bariki. Matashi ne mai ladabi, in yana magana da mace idonsa na ƙasa. Ya tara mu ya yi bayani. Ƙwaya ce, za a fara da ɓari, a haɗiye a gabansa kowace safiya. In jiki ya karɓa, sai ya ƙara, haka haka har a gama. Ya ce, “Za ku ji ƙaiƙayi, maganin ne ke faɗa da tsutsar. Wanda abin ya yi wa yawa ya gaya mini.”

Na ce a raina, ni da na haihu ba a ji kukana a soro ba, ƙaiƙayi ne zai dame ni?

'Ya'yana, ban san ƙaiƙayi ba sai lokacin. Kun san karara, ciyawar nan da in ta taɓa ka sai ka yi birgima? To kamar an tuɓe ni an mirgina ni a cikinta. Ya fara daga ƙugu, ya hau baya, ya sauko damtse da ƙwauri. Kamar kiyashi ne ke kai da kawo tsakanin fata da tsoka. Ga zafin bazara, ga murhu. Da zarar na tsaya tuƙi gumi ya tsattsafo, sai abin ya tashi gaba ɗaya. In ciji leɓe in ci gaba da juya muciya. In na kasa, sai in ce bari in ɗebo itace, in kewaya bayan zana, in ɗauki totuwar masara da na ɓoye, in kankare jikina har sai na ga jini-jini. Sannan in wanke hannu da toka, in dawo ina murmushi.

Kowace safiya in je layin magani. Wa ke bayana a layin? Mutanen da ke cin tuwona.

Malam Sule ya ce, “Inna Tabawa, yaya jikin?”

In ce, “Da sauƙi, alhamdu lillahi.”

“Ƙaiƙayin fa?”

“Ɗan abin da ba a rasa ba.”

To me zan ce? An gaishe ka da jiki, ai da sauƙi ake amsawa, haka aka tashe mu. Kuma uwar tuwo ta buɗe baki a gaban masu cin abincinta ta ce susa take kamar akuya mai ƙazuwa? Shi kuwa bawan Allah, ya ji jiki ya karɓa, sai ya bi ƙa'idar da aka ba shi, ya ƙara ƙwaya. Har yana nuna ni ga leburori masu raki, yana cewa, “Ku dubi Inna, ko gezau.”

Na ce tunda abin a fata yake, tsabta ce maganinsa. Na dinga tafasa ruwa irin na wankan jego, in sa sabulun salo da sabon soso in dirje jikina. Lokacin da ruwan zafin ke sauka sai in ji daɗi har cikin ƙashi. In na fito jiki ya sha iska, abin ya dawo ya fi na da. Sai in ƙara wani wankan. Mai kuwa ban shafa ba, don ina ganin maiƙo zai riƙe dauɗa. Kafin a jima fatata ta bushe ƙamas, ta yi fari kamar an barbaɗa mata gari, ta daddare kamar ƙasan tafki da rani, ta fara saɓa. Leburorin da suka sha maganin tare da ni, nasu ƙaiƙayin ya yi kwanakinsa ya lafa. Nawa sai gaba yake.

Sai na nemi mayafi mai kauri na lulluɓe kafaɗa da hannuwa, na naɗe shi har wuyan hannu na soke. A haka nake tuƙin tuwo, da bazara, a bakin wuta. Ni a ganina na rufa wa kaina asiri. Ban san mayafin nan shi ya fara jawo ido ba. Daga baya aka gaya mini, wata rana ina miƙa akushi ya zame, wani ya ga wuyan hannuna. Tunda kuwa kowa ya ji da kunnensa ina cewa maganin bai yi mini komai ba, sai suka ce ashe wani abu ne daban.

Ba wanda ya ce mini uffan. Sai dai uzuri ya yi yawa.

“Inna, yau kada ki sa da ni, ina azumin nafila.”

“Inna, cikina ne ke murɗa.”

“Inna, an gayyace ni suna a ƙauye.”

Ban taɓa ganin bariki ya shiga ibada irin ta makon nan ba. Mutumin da ko Azumin farilla sai an yi da gaske, ga shi yana nafila ranar Talata. Tuwo ya kwana, in ɗumama, ɗumamen ma ya rasa mai ci. In ɗaga kai in hango akusan da na sani, wanda bakinsa ya gutsure, wanda aka ɗaure da waya, jere a rumfar Delu. Na ce lallai matar nan ta shiga malamai. Maigidana ya ji abin da ake faɗa a maƙera, amma ya san halina, kuma maganar ta yi masa nauyi. Sai ya zo ya zauna ya ci tuwo mai yawa fiye da cikinsa, yana kallona kamar zai yi magana, ya tashi ya fita.

Ranar Juma'a ce, washegari awo. Na tuƙa tuwona kamar kullum, don ban yarda in rage tukunya a ce na karaya ba. Aka buga ƙarfen tashi, leburori suka hauro daga rami, jikinsu duk jar ƙasa, suka wuce ni kowa na sunkuyar da kai, suka yi dafifi a rumfar Delu. Helma Garba, shugaban ƙungiyar da ke ba ni dawa, yana cikinsu. Da na gan shi can, na san gobe rumfa ta tafi.

Sai na ga Delu ta rufe tukunyarta da faifai, ta ɗora dutse. Ta goge hannu a zane, ta ratso tsakiyar maza ta nufo ni. Su kuma suka juyo da akusansu a hannu suna kallo.

Ta ɗaga murya yadda na ƙarshen layi zai ji. “Salamu alaikum, masu gida! An ce baiwata ta koma macijiya tana saɓa, na zo in gani, ko zan sami fatar yin jaka.”

Na ce, “Delu, koma rumfarki. Yau ba na jin wasa.”

“Wa ya tambaye ki abin da kike ji? Mutanenki sun cika mini rumfa, sun ƙarar mini da itace. Kin san abin da suke faɗa? Ba ki sani ba. Mijinki ya sani, helma ya sani, jakin mai ruwa ma ya sani. Cewa suke kuturta ce ta kama ki.”

A bariki wanda aka tabbatar yana da wannan ciwo ba rumfa kaɗai yake rasawa ba, ba a sake cin abin hannunsa. Na dubi mazan nan da na ciyar shekara da shekaru, ba wanda ya iya haɗa ido da ni.

Kafin in sami bakin magana ta kama gefen mayafin ta fizge. Da wata ce ta yi mini haka, da muciya ta karye a kanta. Amma Bazazzagiya ce, al'ada ta ɗaure mini hannu, ita ma ta san da haka, shi ya sa ta zo da kanta. Hannuwana suka fito fili, fari fat, duk sawun totuwa. Na ji wani ya ce, “Subhanallahi.”

Delu ta riƙe damtsena tana juyawa kamar mai taya kaza a kasuwa. Ta nemi inda ya fi fari, ta mintsine ni iya ƙarfinta. Na ƙwala ihu, na kai mata duka da marar kwasar tuwo, ta goce.

Ta ce, “Kun ji ko? Gwaggona ta yi wancan ciwon, garwashi ya taɓa ta ba ta sani ba sai da aka ji ƙauri. Wannan kuwa kun ji ta, har Zariya an ji. Amma ni ba likita ba ce. Helma, tsayuwar me kake? Je ka kira mana Malam Sule.”

Helma guda, mace ta aike shi, ya kuwa tafi. Suka dawo tare, hayaniya ta jawo Sarkin Bariki shi ma ya iso da sandarsa. Malam Sule ya ce shi ba zai duba matar aure a bainar jama'a ba. Muka kewaya bayan zana, Delu ta tsaya a tsakaninmu. Ya sa na rufe ido, yana taɓa ni da auduga wuri-wuri, ina nuna masa inda ya taɓa. Ya matsa gwiwar hannuna, ya duba kunnuwana da yatsuna. Sai idonsa ya kai kan totuwar a gindin zana.

Ya ce, “Inna, da me kike wanka?”

Na gaya masa, har da tokar.

Ya dafe kai. “Kullum fa sai na tambaye ki.”

Na ce, “Gaishe ni ka yi, na amsa.”

Delu ta ce, “Malam, ka tambayi Bakanuwa ciwonta a gaban masu cin tuwonta? Ai ko wuta ce ke cin zanenta cewa za ta yi turare ne.”

Bai yi dariya ba. Ya ce, “Gaskiya ne, ban yi tunanin wannan ba.” Sannan ya yi mini bayani tiryan-tiryan. Ba kuturta ba ce, ba ƙazuwa ba ce, ba a ɗauka. Maganin ne ya yi mini yawa, ruwan zafi da sabulun salo da toka suka kwashe ɗan maiƙon da ya rage, susa ta ƙarasa. Zai dakatar da ƙwayar 'yan kwanaki ya aika wa likita, in fata ta huta a koma kan ɓari. Wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, sau ɗaya, ba soso. Mai kuwa a shafa tun jiki na da danshi. In ƙaiƙayi ya taso a jiƙa tsumma a ruwan randa a ɗora. Kuma in yi nesa da murhu.

Na ce, “Malam, ba sai a bar maganin nan gaba ɗaya ba?”

Ya ce, “Fata za ta dawo, Inna. Ido in ya tafi ba ya dawowa.”

Na haƙura, don ban taɓa son a ja ni da sanda ba.

Muka fito, ya maimaita a gaban Sarkin Bariki da jama'a. Sarki ya ce, “To, kun ji daga bakin mai aikin.” Kowa ya ce, “Mun ji, ranka ya daɗe.” Amma ba wanda ya motsa. Na san dalili, don ni ma mai ƙyanƙyami ce. Magana ta shiga kunne, amma ciki bai yarda ba tukuna. Suna tsaye da akusansu, ido na kan hannuwana.

Sai Delu ta jawo kujerata, wadda ba mai zama a kanta sai ni, ta ɗare.

“Baiwa, wanke hannu ki zubo wa uwar gijiyarki tuwo. Ke da kanki, da hannun nan. Kada ki yi mini kwasar Kanawa, cika marar.”

Na wanke hannu, na kwaso, na zuba miyar kuka. Ta yi bisimilla ta kai loma. Ta ƙara. Ba ta yi sauri ba, ci take tana lumshe ido, tana suɗe yatsu ɗaya bayan ɗaya, ga maza da yunwa suna haɗiyar yawu.

Can ta ce, “Yau Juma'a, ba zan yi ƙarya ba, tuwo ya tuƙu. Amma miyar nan, daddawar daga nesa aka nuna mata?”

Wani ya tuntsire da dariya, sauran suka kama. Ta juya kansu. “Dariyar me kuke? Tukunyata ta mutanena ce. Duk wanda dawarsa ke hannun Tabawa, ba ni da tuwonsa yau, ba ni da shi gobe. Kai mai azumi, ba kai ka roƙe ni ƙanzo jiya da rana tsaka ba?”

Helma Garba ne ya fara matsowa. Ya durƙusa ya ajiye akushinsa a gabana, ya ce, “Inna, a yi haƙuri da mu.”

Na ce, “Tashi, Helma, miya na hucewa.”

Ranar aka kankare tukunyata har ƙanzo. Washegari wajen awo Sarkin Bariki ya tambaya kamar yadda aka saba, “Dawar ƙungiyarka fa?” Helma ya ce, “Inda take zuwa, ranka ya daɗe.”

Amma an ce in yi nesa da murhu, wa zai yi tuƙi? Delu ta kira mutanenta suka ɗauko tukwanenta, muka haɗe rumfa biyu ta zama ɗaya. Ita ke bakin wuta da muciya, tukunya bayan tukunya, gumi na zuba. Ni ina inuwa ina tankaɗe, ina haɗa miya, ina kwasa. Kowace safiya kafin a hura wuta za ta shigo da ɗan kaskonta na man kaɗe, ta jira in watsa ruwa, ta zaunar da ni ta mulke mini baya inda hannuna ba ya kai. Bakinta kuwa bai huta ba.

“Duniya ta lalace, uwar gida na shafa wa baiwa mai. Zauna daidai! Wannan baya kamar dutsen niƙa.”

In ta ga hannuna ya nufi damtse sai ta buge shi da ludayi, ta miƙo jiƙaƙƙen tsumma. Totuwar kuwa ta jefa a murhu a gabana. Ta koya mini in riƙa bubbuga wurin da tafin hannu maimakon farce. Sannu a hankali saɓar ta tsaya, tsagar ta haɗe, fata ta dawo baƙa tana sheƙi. Aka mayar da ni kan ɓarin ƙwaya, aka riƙa ƙarawa kaɗan-kaɗan, har na gama. Ƙaiƙayin bai ɗauke gaba ɗaya ba, amma ya zama wanda mutum zai iya zama da shi. Malam Sule kuwa tun daga ranar ya ware wa mata lokacinsu, ba namiji a bayansu, kuma ya daina tambayar yaya jiki. Sai ya ce, “Nuna mini hannunki.” Allah ya saka masa, yaro ne mai jin magana.

Wata rana tana shafa mini man na ce, “Delu, tsakaninki da Allah, da kin yi shiru ai dawar duka taki ce. Me ya sa?”

Ta ce, “In aka kore ki wa zan zaga da safe? A kawo mini wata baƙuwa in ce mata baiwa ta kai ni ƙara?”

Iyakar abin da ta ce ke nan, ban kuma sake tambaya ba.

Da likita ya sake zagayowa, tun da asuba na je na zauna a ƙofar ɗakinta. Ta fito da ƙwarya ta ce za ta neman daddawa. Na ce akwai a rumfata. Na riƙe mata zane har gaban madubi, aka kuwa sami tsutsar a jikinta. Ita ba ta ɓoye komai ba. Ranar farko da ta haɗiyi ɓarin ƙwaya duk bariki ya san Delu na ƙaiƙayi, har masu aiki a ƙasan rami. Saboda haka nata bai kai ko'ina ba, Malam Sule na bin ta a hankali. Ni na yi mata tuƙi, ni na mulke mata baya, na kuma rama duk zagin da ta yi mini, har da riba.

Yau ga ni, haƙora sun tafi, gwiwa ta ƙi, amma ina zura zare a allura da kaina. Ko maganin ne, ko kwanan idon ne bai ƙare ba, Allah ne masani. Ni dai na gode masa, na gode wa wanda ya ba ni ƙwayar.

Abin da nake so ku riƙe daga sana'ar nan shi ne, masu cin abincinku ba za su taɓa gaya muku dalilin da ya sa suka daina zuwa ba. Ba mugunta ba ce, kunya ce, za su yi ta azumin nafila har rumfa ta tafi. In magani ya taɓa muku fata, ku kai wa wanda ya ba ku ya gani da idonsa, kada ku amsa masa kamar gaisuwa, kada kuma ku ɗauki soso ku shiga faɗa da jikinku. Tsabta ina nan a kanta, hannun da ya yi susa a wanke shi. Amma a wajen aiki ku nemi mutum ɗaya da zai iya yaye muku mayafi, ko da ita ce wadda rumfarta ke kallon taku.

Delu ta koma ƙasarsu da aiki ya ja baya, can ta rasu. Har yau in jikokina suka buɗe man kaɗe, ƙamshin ya bugi hancina, sai na tsaya na yi mata addu'a. Miyarta dai ba ta taɓa kamo tawa ba, wannan ko a lahira zan gaya mata. Allah ya jiƙan baiwata, ya sanyaya mata makwanci kamar yadda ta sanyaya mini baya.